KADA TA DURƘUSA ITA KAƊAI: HIDIMAR RAKIYAR MATA MASU HAIHUWA

Nassosin nazari: Fitowa 1:15-21, Farawa 35:16-20, Luka 1:39-56, Titus 2:3-5

Manufa: Iyalai masu bi su gane cewa tsayawa tare da mace a lokacin ciki da naƙuda hidima ce ta ikkilisiya, kuma hidima ce da take bukatar horo.

GABATARWA

Hausawa suna cewa haihuwa yaƙin mata ce, kuma a ƙasar nan yaƙin yana cin rayuka da yawa. Bisa ga ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025, mata kusan 75,000 ne suka mutu a Nijeriya a shekarar 2023 ta dalilin ciki da haihuwa. Wannan ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na dukan matan da suka mutu ta wannan hanya a duniya a shekarar. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa haihuwa 39 kaɗai cikin 100 ake yi a asibiti. Sauran yawanci a gida ne, sau da dama ba tare da wani mai horo a kusa ba.

Ba a bukatar a gaya wa ikkilisiyoyin Bauchi ma'anar waɗannan alƙaluma. Daga Yalwa har zuwa Dass, Tafawa Ɓalewa da Bogoro, da wuya a sami Zumuntar Mata wadda ba ta taɓa ɗaura anko ta raka gawar 'yar'uwa da ta rasu a kan gwiwa ba. Matan ikkilisiya sun iya ta'aziyya, sun iya zuwa barka. Abin da wannan darasi yake tambaya shi ne, ina suke a daren da naƙuda ta tashi?

1. ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA

Littafin Fitowa bai ambaci sunan Fir'aunan da ya zalunci Isra'ilawa ba, amma ya adana sunayen ungozomai biyu, Shifra da Fu'a. An umarce su su kashe 'ya'ya maza a wurin haihuwa, suka ƙi saboda tsoron Allah, Allah kuwa ya sāka musu da iyali na kansu. A nan an ga yadda Ubangiji yake ɗaukar aikin da ake yi a ɗakin haihuwa da daraja.

A Farawa 35, naƙuda ta kama Rahila a kan hanya tsakanin Betel da Efrata, ta kuwa zo da gardama. Ungozoma tana wurin, ta ƙarfafa ta, ta yi mata albishir da ɗa namiji, duk da haka Rahila ta rasu ta bar Biliyaminu. Matar da Yakubu ya fi ƙauna ke nan, uwa a cikin jama'ar alkawari. Kalmomin ta'aziyya suna da kyau, amma su kaɗai ba su tsayar da abin da ya kashe ta ba.

A Luka 1, Maryamu ta tafi ƙasar tuddai ta Yahudiya wurin 'yar'uwarta Alisabatu, wadda ta yi ciki da tsufa, ta zauna da ita wajen wata uku, a daidai watannin da ciki ya fi nauyi. Manzo Bulus kuma ya umarci Titus ya sa dattawan mata su koya wa matasan mata al'amuran gida da na 'ya'ya. Idan aka haɗa waɗannan nassosi, za a ga abu biyu suna tafiya tare: mace ta tsaya kusa da 'yar'uwarta, kuma wadda ta tsaya ɗin ta kasance mai sani.

2. WACE CE MAI RAKIYAR HAIHUWA?

Mai rakiyar haihuwa mace ce da aka horar domin ta kasance tare da mai ciki tun daga watannin awo, ta zauna da ita dukan lokacin naƙuda ba tare da ta bar ta ba, ta kuma ci gaba da leƙa ta a kwanakin jego. A ƙasashen Turai da Amurka ana kiranta dula. Kalmar Helenanci ce mai ma'anar baiwa ko mai hidima, kuma da ita ce Maryamu ta kira kanta sa'ad da ta amsa wa mala'ika a Luka 1:38.

Wajibi ne a bambanta ta da ungozomar asibiti. Ungozoma ta yi shekaru a makaranta, ita ce take duba kwanciyar jariri, ta karɓi haihuwa, ta ba da magani. Mai rakiya ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Aikinta shi ne ta riƙe hannu, ta shafa baya, ta ba da ruwa, ta taimaki mace ta tashi ta taka ko ta sāke kwanciya, ta yi addu'a da ita, ta bayyana mata abin da ma'aikata suka faɗa, ta kuma ɗaga murya da wuri idan ta ga alamar hatsari.

Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. Bincike ya nuna ba haka ba ne. A 1980 wasu likitoci suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mata kaɗan masu haihuwar fari a wani asibiti a ƙasar Gwatamala. Waɗanda aka ba su mace ta zauna da su sun haihu cikin kimanin awa 9, waɗanda aka bari su kaɗai kuwa sun kai kimanin awa 19. A 2017 masana suka tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, waɗanda suka shafi mata fiye da 15,000 masu haihuwa a asibiti. Suka tarar cewa macen da take da mai rakiya ta fi samun haihuwa da kanta, naƙudarta takan ragu da kimanin minti 40, bukatar tiyata kuma takan ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta shiga naƙuda tare da wanda ta zaɓa ya raka ta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsoro yana sa jiki ya fitar da sinadaran da suke rage ƙarfin naƙuda, kwanciyar rai kuwa tana taimakon mahaifa ta yi aikinta. Ban da wannan, a ɗakin da nas ɗaya take kula da mata da yawa, idon da ya tsaya a kan mace ɗaya shi yakan fara ganin jinin da ya wuce kima.

3. INDA AKE RASA RAYUKA

A 1994 wasu masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne suke kashe mata masu haihuwa. Na fari, jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti. Na biyu, jinkirin isa can. Na uku, jinkirin samun taimako bayan an isa.

Jinkiri na fari a cikin gida yake faruwa. An koya wa mace cewa dauriya ita ce mutunci, sai ta ɓoye naƙuda saboda kunya har gari ya waye. Maigida ya yi tafiya, ba wanda zai ba da izini. Uwar miji ta ce ita ma a ɗaki ta haifi tara. Jinkiri na biyu na hanya ne: dare ya yi, babu mota, babu kuɗin mai, damina ta cinye hanya. Na uku yakan zo ta rashin jini, ko rashin kuɗin kayan aiki, ko rashin wanda zai sa hannu a takardar tiyata.

Cututtukan da suke kisa ba sa jira. Zubar jini bayan haihuwa tana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Hawan jini na ciki yakan kai ga jijjiga. Doguwar naƙuda, idan ba ta kashe uwa ba, takan kashe jariri ta bar uwar da yoyon fitsari, lalurar da ta sa gwamnatin tarayya take da cibiya ta musamman a Ningi. Mai rakiya ba za ta iya warkar da ko ɗaya cikinsu ba, amma tana iya gajarta jinkirin nan uku, a nan ne kuwa ake ceton rai.

4. AN GWADA A JIHAR BAUCHI

Horar da 'yan sa kai domin mata masu ciki ba baƙon abu ba ne a wannan jiha. Daga 2009 zuwa 2015 an gudanar da shirin TSHIP a jihohin Bauchi da Sakkwato da tallafin gwamnatin Amurka. Shirin ya yi aiki da kwamitocin raya gundumomi a ƙananan hukumomi 20 na jihar, aka horar da 'yan sa kai suna bi gida gida. Ta hannun irin waɗannan mutane ne aka kai wa mata ƙwayar misofrostol mai rage zubar jini bayan haihuwa, da man kulohezidin na shafa wa cibiyar jariri. Sakkwato ce ta fara rabon a 2013, Bauchi ta biyo baya.

Bayan haka, a ƙaramar hukumar Toro, Hukumar Lafiya Matakin Farko ta jihar ta haɗa hannu da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da masu bincike na CIET. Aka horar da mata suna ziyartar kowace mai ciki a gidanta duk bayan wata biyu, aka kuma horar da maza suna zama da mazajen. Abubuwa huɗu suke tattaunawa: aiki mai nauyi a lokacin ciki, dukan mata, rashin shawara tsakanin miji da mata, da rashin sanin alamun hatsari. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa a gundumomin da aka yi ziyarar, waɗannan abubuwa sun gyaru, matsalolin ciki da na bayan haihuwa kuma sun ragu.

Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, matan unguwa waɗanda ba likitoci ba suna iya kawo canji idan an koya musu. Na biyu, ba a samun nasara idan an bar maza a waje. Maƙwabta Musulmi sun nuna misali mai kyau, ikkilisiya kuwa tana da abin da shirye-shiryen tallafi ba su da shi, wato dawwama. Shiri yakan ƙare idan kuɗinsa ya ƙare, amma Zumuntar Mata tana taruwa kowane mako. Akwai ma labarin da ake bayarwa game da asalin zumuntar, cewa a 1930 a Miyango wata mace ta kusa rasuwa wurin haihuwa, sai mata masu bi suka tara kuɗi suka sayi keke domin kai marasa lafiya asibiti. Hidimar rakiya komawa ce ga wannan tushe.

5. YADDA ZA A HORAR DA SU

Zaɓe. Majalisar dattawa tare da shugabannin Zumuntar Mata su zaɓi mata natsattsu, masu riƙe asiri, masu lafiyar da za su iya kwana a zaune, waɗanda iyalinsu suka yarda su fita da dare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka wadda za ta ga tsiraicin 'yar'uwarta ta ji sirrin gidanta dole ta zama mai kame baki. Ya kyautu a sami aƙalla biyu a kowace unguwa, domin idan ɗaya ba ta nan ɗaya ta tashi.

Masu koyarwa. Kusan kowace babbar ikkilisiya a birnin Bauchi tana da nas ko ungozoma, wasu suna aiki, wasu sun yi ritaya. Su ne za su koyar, tare da sanin shugaban asibitin da ya fi kusa. Ikkilisiyoyin birni su tuna da na ƙauye, inda bukata ta fi yawa ma'aikata kuma suka fi ƙaranci, su aika musu masu koyarwa.

Shirin haihuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki yana wata shida ko bakwai, mai rakiya ta zauna da mace da mijinta su amsa waɗannan tambayoyi: A wane asibiti za a haihu? Wane direba ko mai Keke Napep za a kira da tsakar dare? Nawa aka ajiye? Wa zai ba da jini? Wa zai zauna da yara? Idan maigida ba ya nan, ya ba da izinin tafiya asibiti tun yanzu? Ta kuma ƙarfafa mace ta riƙa zuwa awo, gama tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa.

Alamun hatsari. Kowace mai rakiya ta haddace su kamar yadda ake haddace aya:

(a) zubar jini a lokacin ciki, ko jini mai yawa bayan haihuwa;
(b) ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa;
(c) jijjiga ko suma;
(d) zazzaɓi mai zafi, ko ruwa mai wari;
(e) fashewar faya ba tare da naƙuda ta biyo baya ba;
(f) jariri ya daina motsi;
(g) naƙuda ta wuce awa 12;
(h) hannu, ƙafa ko cibiya ta riga kai fitowa;
(i) mabiyiya ba ta faɗo ba bayan minti 30.

Idan an ga ɗaya daga cikinsu, babu jiran safiya. A tashi, a yi addu'ar a kan hanya.

Kula da jariri. A goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su. A sa shi a nono cikin awa ɗaya na fari, kada a zubar da dakashi, domin shi ne rigakafinsa na farko. A jinkirta wanka zuwa bayan awa 24. Kada a sa toka, man goge baki ko wani abu a cibiya sai maganin da asibiti ya bayar.

Iyakar aiki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mai rakiya ba ta sa hannu a jikin mace don duba buɗewar mahaifa, ba ta danna ciki, ba ta yin allura, ba ta ba da jiƙo ko rubutu ko wani maganin gaggauta naƙuda, ba ta yarda a yi yankan gishiri. Misofrostol, inda ma'aikacin lafiya ya bayar, bayan fitowar jariri kaɗai ake shansa, gama shansa kafin haka yana iya fasa mahaifa. A lokacin jego ta gargaɗi iyali game da wankan tafasasshen ruwa da yawan kunun kanwa, waɗanda likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Zama lafiya da ma'aikata. Ɗakunan haihuwa da yawa a cike suke, wasu ba su da labule tsakanin gadaje, don haka ba ko'ina ake barin ɗan rakiya ya shiga ba. Shugabannin ikkilisiya su je su gabatar da matan tun kafin bukata ta taso. Mai rakiya ta shiga da ladabi, ta bi doka, ta zama mataimakiya. Idan an ce ta jira a waje, ta jira a bakin ƙofa, ta zama mai kai saƙo tsakanin ma'aikata da iyali.

6. BANGASKIYA DA TIYATA

Akwai wata koyarwa da ta yaɗu, cewa mace mai bangaskiya za ta haihu kamar matan Ibraniyawa, ba ta bukatar taimakon kowa, kuma yarda da tiyata gazawa ce ta ruhaniya. Saboda wannan wasu mata sukan kwana biyu suna naƙuda a gidan addu'a, a kawo su asibiti bayan lokaci ya ƙure. Wajibi ne a karanta Fitowa 1:19 a mahallinta. Amsa ce da ungozomai suka ba mugun sarki sa'ad da ya tuhume su, ba alkawari ba ne da Allah ya yi wa kowace mace. Ibraniyawan nan ma suna da ungozomai, Rahila kuma daga cikin iyayensu take. Luka, wanda ya rubuta labarin haihuwar Mai Ceto, likita ne, kamar yadda Kolosiyawa 4:14 ta nuna.

Allah da ya ba da ciki shi ne ya ba likita hikima. Idan ƙugun mace ya yi wa kan jariri kaɗan, ko jariri ya kwanta a gicciye, tiyata ita ce ƙofar da Ubangiji ya buɗe. Fasto ya faɗi wannan daga bagade, domin mai rakiya ta sami abin dogara sa'ad da take roƙon iyali su sa hannu. Game da kuɗi, a watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ya sanar da shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Aikin mai rakiya ne ta bincika tun da wuri ko asibitin da za a je yana cikin shirin.

7. RABON KOWA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida ya rage wa matarsa aikin gona, daka da ɗiban ruwa, ya ajiye kuɗi, ya raka ta awo ko da sau ɗaya. Uwar miji ta zama ta fari da za ta ce a tafi asibiti. Zumuntar Maza ta rubuta sunayen masu motoci da za a iya tasa da dare. Matasa su je a gwada rukunin jininsu, a ajiye sunayen masu niyyar bayarwa. Majalisa ta keɓe wani abu daga baiko ya zama asusun gaggawa, a hannun wanda za a same shi kowane lokaci. A kuma tuna da gwauraye, da 'yan gudun hijira, da yarinyar da ta yi ciki ba aure, wadda kunya takan sa ta ɓuya har ta halaka. Horon ikkilisiya yana da lokacinsa, amma daren naƙuda lokacin jinƙai ne. Maƙwabciya wadda ba ta cikin ikkilisiya ma, idan ta ƙwanƙwasa ƙofa, a tashi a raka ta.

KAMMALAWA

Zumunta a ƙafa take. Ikkilisiyar da ta zaɓi mata huɗu ko shida a wannan wata, ta roƙi ungozoma ɗaya ta koya musu, ta rubuta sunan kowace mai ciki da watan haihuwarta, ta riga ta fara. Shifra da Fu'a mata biyu ne kawai, amma ta wurin amincinsu Allah ya raya 'ya'yan al'umma guda.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Me ya sa Littafi Mai Tsarki ya adana sunayen Shifra da Fu'a?
2. Cikin jinkirin nan uku, wanne ya fi damun unguwarku ko ƙauyenku?
3. Mene ne bambancin aikin mai rakiya da na ungozomar asibiti?
4. Yaya za a amsa wa mai bi da ya ce tiyata rashin bangaskiya ce?
5. Mata nawa ne suke da ciki a ikkilisiyarku yanzu, kuma wa zai raka kowace ɗaya?

ABIN ADDU'A

A yi addu'a domin mata masu ciki, Ubangiji ya sauke su lafiya. A yi addu'a domin nas-nas, ungozomai da likitoci masu kwana a kan aiki, da marayun da suka rasa iyaye mata a wurin haihuwa. A roƙi Ubangiji ya tā da mata masu tsoronsa waɗanda za su ba da kansu ga wannan hidima, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.